Kyamararmu ta faɗi, ta ɓarayi tana aiki

Jama'a ku yi mani haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cikina.

Sati uku ke nan kyamarar ofishinmu ta suɓuce daga hannun yaron da muke aiki tare, muna cikin ɗaukar hoton 'yan gudun hijira a wata firamare nan Sabon Birni. Ta bugi siminti, gilashin gaba ya tsage, zoben da ake murzawa a jawo hoto kusa ya cije. Nan take kowa ya zama injiniya. Wani ya ce a goge da bakin riga, wani ya ce a kai wa mai gyaran waya ya ɗiga mata sufa gulu. Na hana. Ƙurarmu yashi ce, gogewa ɗaya ta isa ta karce gilashin, tururin gam ɗin nan kuwa farin hazo yake bari a kansa. In ka murza zoben da ƙarfi, haƙoran ciki ne za su karye. Na cire batir, na naɗe ta cikin tsumma mai tsabta.

Na bincika nan, na bincika Isa, ban samu mai gyara ba. Sai Sakkwato, in ta faskara sai Kano. Na rubuta ina neman kuɗin gyara da na mota. Kun san amsar da ta dawo? Takardar tuhuma ga yaron, wai a cire daga albashinsa, albashin da bai kai shi tsakiyar wata. A ƙasan takardar kuma aka ƙara cewa rahoton da babu hoto ba za a karɓa ba. To da mi zan ɗauka?

Mai zaune cikin sanyin ofis gani yake zuwa Sakkwato kamar leƙa maƙwabta ne. A kan hanyar dawowa daga can aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a Yulin 2024, aka kashe shi a Agusta. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. Allah ya jiƙansu. Wannan hanyar ake so in tura ɗan mutane saboda gilashi, kuma da kuɗin aljihunsa?

Abin da ya fi ci mani rai ke nan: bidiyon da duniya ta ga Sarki a ɗaure yana roƙon a cece shi, waɗanda suka kama shi ne suka ɗauka. Bello Turji in ya so magana, bidiyonsa ya zagaye wayoyi kafin la'asar. Su kyamararsu ba ta jiran sa hannun darakta. Mu da aka ɗora wa ƙirga marayu da zawarawa, tamu tana cikin durowa.

Wani zai ce in ɗauka da wayata. Ina yi, da datar da na saya. Amma a 2021 da aka katse layukan waya, ko aika hoton ba mu iya ba, kuma ban ga dalilin da zai sa aljihuna ya riƙa biya wa hukuma aikinta ba.

Tuhumar dai na ƙi sa mata hannu, abin da zai biyo baya ya biyo. In akwai mai shiga Sakkwato wanga sati cikin rakiyar sojoji, don Allah ya yi mani magana, in ba shi saƙon kyamara.