Ajans ta shiga cikin salula: wa ke riƙe da shaida tsakanin ɗan kasuwa da mai sayar da tikiti?

Duk wanda ya taɓa tashi daga Maradi ko Damagaram domin saro kaya a Dubai ko ƙasar Sin ya san cewa wahalar tafiya ba a filin jirgi take farawa ba, tun daga neman tikiti da biza take somawa. A shekarun baya, sai mutum ya ɗauki fasfonsa da kuɗinsa ya shiga mota zuwa Yamai, tafiyar da ta zarce kilomita 600 daga Maradi, kusan 900 daga Damagaram, ko kuwa ya damƙa su ga wani ɗan uwa ko direban da ya yarda da shi, sa'an nan ya zauna jiran labari. Idan mai ajans ya ce gobe, to gobe ce, ko da goben za ta kai mako biyu.

Abin da ya fara sauya wannan al'amari shi ne ranar 1 ga watan Yuni na 2008, lokacin da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta kawo ƙarshen tikitin takarda. Daga ranar, tikiti ya koma lamba a cikin kwamfutar kamfanin jirgi, abin da ake iya aika wa mutum duk inda yake. Daga baya WhatsApp ya zo, a 2018 kuma aka fito da WhatsApp Business domin masu sana'a. Yau Hajiya tana zaune a rumfarta a babbar kasuwar Maradi za ta ɗauki hoton fasfonta ta aika, ta tura kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, kafin la'asar takarda ta faɗo cikin salularta.

Wannan duk mun gani. Abin da ke tafe yanzu ya wuce aika saƙo tsakanin mutum biyu. Akwai kayan aiki na intanet da ke bari mutane da yawa su yi aiki a kan takarda guda a lokaci guda, kowa daga garinsa. Misali, jadawali irin na Google Sheets: mai ajans a Yamai ya rubuta sunayen matafiya, wakilinsa a Tawa ya sa wanda ya biya da wanda ya rage, abokin hulɗarsu a Dubai ya sa ranar da biza ta fito, mai masauki ya sa lambar ɗaki. Matafiyi kuma ana iya ba shi damar leƙa nasa layin ba tare da ya kira kowa ba. Abin da ya fi muhimmanci, irin wannan jadawali yana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi masa, wane ne ya canza lamba, kuma yaushe.

A ganinmu, nan ne ribar take, ba a sauri ba. Mafi yawan rigingimun da ake kaiwa gaban shugabannin ƴan kasuwa ko komisariya tsakanin matafiyi da mai ajans, tushensu ɗaya ne: an yi magana da baki, babu shaida. Wannan ya ce kilo kaza aka alkawarta masa na kaya, wancan ya ce bai faɗa ba. Wannan ya ce tikitinsa ana iya canza masa rana kyauta, a ƙarshe aka nemi ya biya tara. Kasuwancinmu an gina shi a kan amana da sanayya, kuma ba mu raina wannan ba, domin da ita iyayenmu suka kai goro da fata har inda mota ba ta zuwa. Amma kamfanin jirgin Habasha ko na Turkiyya bai san sanayya ba, abin da ke rubuce kawai ya sani.

Sai dai kada ƴan uwa su ɗauka cewa duk abin da ya shigo salula shaida ne. Yawancinmu da saƙon murya muke aiki, saboda ya fi sauƙi ga wanda bai yi lakwal ba, kuma da Hausa ake yin sa. To amma wanda ya aiko saƙo a WhatsApp yana da damar goge shi daga salularka har wajen kwana biyu bayan ya aiko, kuma tun 2023 yana iya gyara abin da ya rubuta cikin minti 15. Farashin da aka faɗa maka da murya ranar Litinin yana iya ɓacewa ranar Talata. Saboda haka kuɗin tikiti, da nauyin kaya, da sharaɗin canza rana, a nemi a rubuto su, a ɗauki hotonsu nan take, a kuma karɓi resi mai ɗauke da sunan ajans, ba sunan yaron ajans ba.

Akwai kuma wata yaudara da ta daɗe, wadda salula ta ƙara wa sauƙi. Ajiye kujera daban, yankan tikiti daban. Mai ajans yana iya ajiye maka kujera ba tare da ya biya kamfanin jirgi ko dala ba, ya turo maka takarda mai kyan gani da sunanka da ranar tashi, bayan ƴan kwanaki kujerar ta faɗi da kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin jirgi ne, kamar 071 na Ethiopian Airlines ko 235 na Turkish Airlines. Da lambar ajiya mai haruffa shida da sunan da ke kan fasfo, kowane ɗalibi a gida zai iya shiga shafin kamfanin ya duba maka cikin minti biyar. Da can wannan sirrin mai ajans ne shi kaɗai.

Wurin da wannan magana ta fi nauyi shi ne Hajji da Umra, inda tsoho ke tara kuɗin shekara goma ya miƙa wa mutum guda. A Hajjin 2024, hukumomin Saudiyya sun bayyana mutuwar mutum 1,301 cikin tsananin zafi, suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Da yawa daga cikinsu an kai su ne da bizar ziyara, suka isa babu tanti, babu mota. Ƙasar Masar ta ƙwace lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 a kan haka. Saudiyya kuwa ta mayar da sha'anin izini kan manhajar Nusuk, kuma tun daga waccan shekara katin Nusuk ya zama dole ga alhaji kafin ya shiga wuraren ibada. A nan gida hukumar COHO ce ke kula da ajans-ajans masu ɗaukar alhazai. Wanda aka tallata wa kujera mai araha a zauren WhatsApp, tambayarsa ta farko ita ce ko hukumar ta san da wannan ajans, ta biyu kuma wace irin biza ce. Araha dai ba ta ado.

Su kuma masu ajans, wasu na fargabar cewa intanet za ta raba su da abincinsu. Tsoron yana da tushe, domin tun 2002 manyan kamfanonin jiragen Amurka suka daina biyan kamasho a kan tikiti, wasu da dama suka bi sahu, kuma matashin da ke da katin banki yana iya yankan tikitinsa da kansa. Amma a tuna da watan Agusta na 2023, lokacin da aka rufe sararin samaniyar ƙasar nan daga ranar 6 ga wata har zuwa 4 ga Satumba. Wanda ya sayi tikitinsa a shafin intanet ba shi da wanda zai kira sai na'ura. Wanda ke da mai ajans na ƙwarai yana da mutumin da zai nema masa wata hanya ko ya bi masa kuɗinsa. Mai ajans ɗin da zai rayu shi ne wanda ke amsa saƙo da tsakar dare idan jirgi ya bar mutum a Adis Ababa, ba wanda ke kashe salula da zarar kuɗi sun shiga ba.

Ga masu zuwa Gwanzu, wani abin lura: WhatsApp ba ya aiki yadda aka saba a ƙasar Sin tun 2017, can WeChat ake amfani da shi. Mai ajans da ya san aikinsa zai shirya wannan da matafiyi tun a gida, ya kuma sa a buga tikiti da adireshin masauki a takarda.

Zaurukan da ake tara matafiya a ciki su ma suna da nasu haɗari. Zaure guda yana iya ɗaukar mutum fiye da dubu, kuma hoton fasfon da aka jefa ciki kowa ya samu. Ɓarayi kuma sun koyi sace lambar WhatsApp ta mutum, su sa hotonsa, su riƙa neman a tura kuɗi zuwa wata sabuwar lamba. Duk ranar da aka ce maka lambar biya ta canza, kira mai ajans ka ji muryarsa kafin ka tura ko jikka guda.

Saura matsalar harshe. Tikiti da biza da sharuɗɗansu da Faransanci ko Ingilishi ko Larabci suke zuwa, alhali mata da yawa da ke juya miliyoyi a kasuwannin Maradi da Damagaram da Tawa ba su karanta ko ɗaya. Idan ba a yi hankali ba, za su fita daga hannun mai ajans su faɗa hannun yaron da ke karanta musu salula. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna da ƙarfin da za su nemi kowace ajans ta riƙa haɗa takarda da saƙon murya na Hausa mai bayyana abin da takardar ta ƙunsa, su kuma ajiye mutum guda amintacce a ofishinsu wanda aikinsa duba lambar tikiti da biza ga duk mamban da ya zo, kafin ya biya cikon kuɗi.