A Killace Baƙuwar Dabba Kafin Ta Shiga Cikin 'Yan Gida

Sanin kowa ne cewa da wuya a sami gida a ƙasar Hausa wanda babu kaji ko tantabaru ko awaki a cikinsa, wani ma har da kyanwa ko kare. Abin da aka saba gani shi ne yaro ya sayo kaza a kasuwa, ko a ba shi kyautarta, ya shigo ya sake ta a tsakar gida nan take. Wannan gaggawa ta jawo asarar dabbobi masu yawa, kuma ya kamata a daina ta.

Dalili na farko shi ne cuta. Dabba tana iya ɗauke da ƙwayar cuta alhali tana ci tana sha, babu wata alama. Misali a nan shi ne annobar kaji da ake kira Niyukasil, wadda ta sami sunanta daga wani gari na Ingila inda aka gano ta a 1927, kuma takan yi ɓarna ƙwarai lokacin hunturu. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamunta akan ɗauki kwana 2 zuwa 15. Sau da yawa kuma mai kaji yakan garzaya da su kasuwa ne idan ya ga sun fara mutuwa. Ke nan arhar kaza ɗaya tana iya share akurki guda.

Dalili na biyu ya shafi ɗabi'a. A 1922 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana cewa kaji suna da tsarin girma a tsakaninsu: kowace ta san wadda za ta tsattsaga da wadda za ta kauce wa. Baƙuwa ba ta da gurbi a wannan tsari, saboda haka sai a yi mata taron dangi, a hana ta tsaba da ruwa. Kyanwa da kare su ma suna shata yankinsu da wari, kuma baƙon wari barazana ne a gare su.

Maganin abin ba ya buƙatar kuɗi. A ware baƙuwa a wani lungu na kimanin mako 3, da mazubin abinci da na ruwa nata ita kaɗai, kuma a fara ciyar da 'yan gida kafin a je wurinta. A yi wa kaji rigakafin Niyukasil, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, a yi wa kare allurar ciwon hauka. Bayan haka a bar su su riƙa ganin juna ta bayan raga ko kwando. Idan kyanwa ce, a musanya tsumman da suke kwanciya a kai domin su saba da warin juna.

Wani zai ce ai iyaye sun daɗe suna ɗaure sabuwar kaza da zare a ƙafa. Gaskiya ne, amma wannan dabara ta hana ɓata ce kawai. Muddin tana shan ruwa a kasko ɗaya da sauran, cuta za ta yaɗu. Wani kuma zai ce gida ya yi ƙunci, alhali kwando guda a bayan ɗaki ya fi babu.

Ya dace malaman kimiyya su sanya wannan a darasi, su sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka lura da shi kullum a kwanakin killacewa. Da ma Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani.