Malamin Riƙon Ƙwarya Ma Malami Ne

'Yan uwa malamai, duk lokacin da ɗayanmu ya kwanta jinya, ko malama ta tafi hutun haihuwa, ko aka tafi aikin Hajji ko ƙaro ilimi, yaran da aka bari ba sa daina zuwa makaranta. Dole wani ya riƙe ajin. Wani lokaci malamin da ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauka ne, wani lokaci ɗan sa-kai mai takardar NCE da ke jiran aiki, ko mai yi wa ƙasa hidima, ko ɗalibin kwalejin ilimi da ya zo gwajin koyarwa. Da yawa daga cikin haƙƙoƙin da ƙungiyarmu ta NUT ke karewa tun kafuwarta a 1931, ba za mu more su da kwanciyar hankali ba sai da waɗannan bayin Allah.

Aikinsu ba ƙarami ba ne. Mutum ya shiga ajin da bai san sunan kowa ba, bai san inda aka tsaya a manhaja ba, bai san yaron da ba ya ji sosai ba, balle yarinyar da ke makara saboda talla. A aji ɗaya zuwa uku, inda yaro ke koyon haɗa baƙi, wata guda babu malami ya isa ya rushe abin da aka gina a zango guda. Mun ga amfanin matasan N-Power da aka fara turowa a 2016 kan alawus na naira 30,000 a wata, mun kuma ga giɓin da suka bari da aka sallami rukunin farko da na biyu a 2020.

Mutunta su daga ofishin malamai yake farawa. A ba su wurin zama, a kira su Malam da Malama a gaban ɗalibai, a sa su cikin taron malamai. Wanda zai tafi hutu ya miƙa rajista da tsarin darasi da bayanin yaran da ke buƙatar kulawa. Shugaban makaranta kuma ya ba kowannensu takardar shaidar aikin da ya yi.

Sauran kuwa aikin reshenmu ne. Mu nemi a biya wanda ya riƙe aji cikakken lokaci abin da bai gaza mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, kuma a biya shi kan lokaci. Mu nemi hukumar SUBEB ta fara duba masu cancanta daga cikinsu idan za a ɗauki sababbin malamai. Wannan gwagwarmaya tamu ce, domin ranar da hukuma ta saba samun malami a araha, albashinmu ne zai biyo baya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Muna roƙon a sa wannan batu cikin ajandar taron reshe mai zuwa, kuma a gayyato su su faɗi damuwarsu da bakinsu.