Tarin fuka mai bijire wa magani: waɗanda suka warke amma suka rasa jinsu

A rajistar cibiyoyin yaƙi da tarin fuka, kowane majinyaci yana ƙarewa a ɗaya daga cikin wasu ƴan gurabe: ya warke, ya kammala magani, magani bai yi masa aiki ba, an daina ganinsa, ko ya rasu. Babu gurbin da ake rubuta cewa mutum ya koma gida ba ya jin kiran salla, ba ya jin ƙarar wayarsa ta salula. Duk da haka, wannan shi ne halin da majinyata da dama suka tsinci kansu a ciki, a Nijar da sauran ƙasashe, bayan watannin da suka yi ana yi masu allurar maganin tarin fuka mai bijire wa magani.

Yau an kusa raba duniya da waɗannan allurai. Sai dai akwai abubuwa biyu da suka rage: mutanen da suka riga suka kurumce, da kuma yiwuwar allurar ta sake dawowa ta bayan gida.

Yadda allura ke cin kunne

Tarin fuka na yau da kullum yana warkewa da ƙwayoyi cikin wata shida. Ana cewa ya bijire idan magunguna biyu mafi ƙarfi, wato isoniazid da rifampicin, suka daina kashe ƙwayar cutar. Hakan kan faru idan an katse magani a tsakiya, ko kuma mutum ya ɗauki ƙwayar da ta riga ta bijire daga jikin wani. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 400,000 ne ke kamuwa da irin wannan tari a kowace shekara, kuma biyu ne kawai cikin biyar ke samun magani.

Shekara da shekaru, ginshiƙin maganin shi ne allurar kanamycin, ko amikacin, ko capreomycin, kullum, tsawon wata huɗu zuwa takwas. Ko a tsari mafi gajarta, hakan na nufin allura kusan 120. Waɗannan magunguna suna shiga ruwan da ke can cikin kunne, su kashe wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, waɗanda ke mai da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Abin da ya sa ɓarnar ke da wuyar ganewa shi ne tana farawa daga siraran sautuka, waɗanda ke sama da na hirar yau da kullum. Majinyaci yana iya yin makonni yana rasa jinsa bai sani ba. Kafin ya fara cewa “me ka ce?”, ɓarnar ta riga ta sauko inda maganar mutane take. Wasu kan fara da jin ƙara a kunne ba ƙaƙƙautawa, ko jiri. Kuma da yake maganin yana daɗewa a cikin kunne, ji na iya ci gaba da raguwa ko bayan an tsai da allurar. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu ciwon ƙoda, da masu ɗauke da ƙwayar cutar sida, da waɗanda aka taɓa yi wa allurar streptomycin a jinyar baya.

Abin da aka gano a Nijar

Nijar tana cikin ƙasashen da suka ba duniya darasi a wannan fanni. Tun 2008, shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, PNLT, tare da ƙungiyar Action Damien ta ƙasar Beljiyam, suka fara amfani da gajeren tsarin da aka fara gwadawa a Bangladesh, a lokacin da akasarin ƙasashe ke ba da magani na wata 18 zuwa 24. Sakamakon da Dokta Alberto Piubello da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya nuna cewa cikin majinyata 65 na farko, 58 sun warke. Wannan nasara tana cikin hujjojin da suka sa OMS ta amince da gajeren tsarin a 2016.

Amma wannan rahoton dai ya nuna cewa kashi 20 cikin 100 na majinyatan sun samu matsalar ji. Mutum ɗaya ke nan cikin kowane biyar.

Daga baya likitocin da ke aikin a Nijar suka sauya dabara. Suka riƙa auna jin majinyata da na'ura kafin a fara magani da kuma lokacin da ake cikinsa, kuma da zarar awo ya nuna ji ya fara raguwa, sai a cire allurar a maye gurbinta da ƙwayar linezolid. Binciken da Dokta Mahamadou Bassirou Souleymane ya jagoranta, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa wannan mataki ya hana kurumta mai tsanani, kuma bai rage yawan masu warkewa ba. Darasin a fili yake: kurumtar ba dole ba ce, idan akwai na'urar awo da ma'aikacin da ya iya aiki da ita.

Yadda aka raba gari da allura

A 2018 Afirka ta Kudu ta zama ƙasa ta farko da ta maye gurbin allurar da ƙwayar bedaquiline ga akasarin majinyatanta. A watan Agusta na wannan shekarar OMS ta daina ba da shawarar amfani da kanamycin da capreomycin. A 2022 kuma ta amince da tsarin BPaLM, magunguna huɗu na haɗiya da ake sha wata shida kacal.

Waɗanda allurar ta kurumtar sun taka rawa a wannan sauyi. Phumeza Tisile ta Afirka ta Kudu da Nandita Venkatesan ta Indiya, dukansu sun rasa jinsu a lokacin jinya. Su ne suka ƙalubalanci yunƙurin kamfanin Johnson & Johnson na tsawaita mallakarsa a kan bedaquiline a Indiya, kuma a watan Maris na 2023 hukumomin ƙasar suka yi watsi da buƙatar kamfanin. A cikin shekarar, farashin maganin ya ragu da fiye da rabi ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Waɗanda aka bari a baya

Sabon magani bai mayar wa tsofaffin majinyata da kunnuwansu ba. A ƙasar da mafi yawan manya ba su iya karatu da rubutu ba, rayuwa tana tafiya ne da baki da kunne: ciniki a kasuwa, labaran rediyo, huɗubar Juma'a, saƙon murya na WhatsApp da ɗan ci-rani ke aiko wa gida daga Libiya ko Abijan. Wanda ya kurumce da girmansa bai taso da maganar hannu ba, kuma makarantun kurame an gina su ne don yara. Ɗan kabu-kabun da ba ya jin odar mota sana'arsa ta ƙare. Matar da ta sha ƙyamar dangin miji saboda tari, sai ta koma fuskantar wata ƙyamar saboda kurumta.

Na'urar ƙara ji tana taimaka wa wasu, amma tana buƙatar a daidaita ta da kunnen mai ita, a riƙa sauya mata batir. Aikin dashen na'ura a cikin kunne kuwa ya fi ƙarfin aljihun talaka nesa ba kusa ba. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, amma ɗawainiyar abin da maganin ya bari tana kan majinyaci da danginsa. Matakin farko da bai buƙatar kuɗi mai yawa shi ne a nemo waɗanda aka yi wa allurar tun 2008, tun da sunayensu suna cikin rajista, a sake auna jinsu, a san adadinsu.

Dalilin da ya sa bai kamata a ajiye na'urar awo ba

Allurar amikacin tana nan cikin jerin magungunan ajiya na OMS, da sharaɗin a tabbatar tana aiki a kan ƙwayar cutar kuma ana auna jin majinyaci. A ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Mozambik, an riga an ga ƙwayoyin tarin da suka fara bijire wa bedaquiline. Duk inda hakan ta yaɗu, likitoci za su koma neman tsofaffin magunguna. Ga kuma batun kuɗi: dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya girgiza shirye-shiryen tarin fuka a ƙasashe da dama, kuma Asusun Duniya na yaƙi da sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda Nijar ke dogara da shi ƙwarai, shi ma ya rage kason ƙasashe. Katsewar magani ita ce hanya mafi sauri ta haifar da sabuwar bijirewa.

Sababbin ƙwayoyin ma suna buƙatar sa ido. Linezolid na iya jawo ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa da matsalar gani, bedaquiline kuma ana bin ta da awon bugun zuciya.

Akwai kuma abin da ke hannun jama'a. Tarin da ya wuce mako biyu yana buƙatar gwajin majina a likita, kuma na'urar GeneXpert tana nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin cikin kusan awa biyu. Ɗan ci-ranin da ya fara magani kada ya kama hanya sai ya sanar da cibiyarsa, domin a ba shi takardar da zai ci gaba da ita inda za shi. Allurar gentamicin da streptomycin da wasu ke saye a kasuwa su yi a gida, dangin kanamycin ne, kuma suna iya yi wa kunne irin wannan ɓarnar. Duk wanda ke kan irin waɗannan allurai ya fara jin ƙara a kunne ko jiri, ya gaya wa ma'aikacin lafiya a ranar, kada ya jira ranar komawarsa.