Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Muhalli: Ina Zan Kai Mataccen Batirina?

Zuwa ga Mai girma Ministan Muhalli, Malam Balarabe Abbas Lawal.

Ranka ya daɗe, wata 'yar tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma batir ne ya jawo ta.

A ƙarƙashin matattakalar benen gidanmu akwai mataccen batirin sola, irin dogayen nan da sai ƙarti biyu sun kama kafin ya ɗagu. Da su biyu ne. Na saye su bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da janareto ya koma kayan ado a gidaje irin namu. Sun yi mini aiki bakin ƙarfinsu, har da kwanakin nan na Oktoban 2024 da Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. Daga baya suka fara gajiya, a yini ana yi musu caji, kafin a idar da sallar isha'i sun sauke. Ɗaya na sayar. Abin da idona ya gani ranar nan shi ya hana ni sayar da ɗan'uwansa.

Wani yaro ne ɗan gwangwan ya saya, da ƙyar in ya kai shekara sha bakwai, da kurarsa da ɗan sikelinsa na ratayawa. Muka gama ciniki sai ya ce, "Alhaji, sai fa an zubar da ruwan, oga ba ya sayen ruwa." Kafin in ce uffan ya kwance murafen nan shida, ya kishingiɗar da batirin a bakin kwata. Ruwan na taɓa siminti ya shiga kumfa kamar an zuba kanwa a tsamiya, wani wari mai shaƙe maƙogwaro ya tashi. Hannunsa ba safa, ƙafarsa silifas, wandonsa duk ƙananan huji inda ruwan batir ya sha ɗiga. Kwatar nan kuwa ta ƙofar wata makarantar allo take bi kafin ta faɗa babban lambatu. Na tambaye shi ina za a kai batirin. Ya ce can wajen oga za a sa gatari a fasa, roba gefe, dalma gefe, in kaya ya taru a loda mota a yi Kudu da shi. Ya ƙirgo mini kuɗina, masu auki kuwa, na karɓa na zura a aljihu. Ka ga ke nan ni ma ban zo maka da wankakken hannu ba.

Sai daga baya na gano ashe akwai doka a kan abin da muka aikata. A shekarar 2024 hukumar NESREA, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatarka, ta fitar da ƙa'idojin kula da batir na ƙasa. Jigonsu shi ne, wanda ya ƙera batir ko ya shigo da shi ƙasar nan, alhakinsa bai ƙare a ranar da ya sayar ba, yana da hannu a tattara shi da sarrafa shi bayan ya mutu. Masu tarawa da masu sarrafawa kuma sai da rajista da izini. Wannan tunani ne mai kyau, kuma wanda ya yi abin yabo a yaba masa. Sai dai yaron nan bai taɓa jin labarin dokar ba. Mai shagon da ya sayar mini da batiran ya ba ni rasit da garantin wata shida, bai ce mini in sun mutu in dawo da su ba. Ni da nake taƙamar ina bin labarai, sai da na yi ɓarnar sannan na ji.

Mu a Arewa ba sai an yi mana fassarar gubar dalma ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da sababbin kaburburan yara jere a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. A Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, duwatsun da ake haƙowa don neman zinare cike suke da dalma, ana kawo su cikin gida ana daka su a turmi, ana niƙa su a inji, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe. Yaro ya fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, a ce zazzaɓi ne, wasu su ce iska ce. Yara aƙalla 400 suka rasu. Maganin ma ba ya amfani in yaro zai koma gidan da gubar take, don haka sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar sama ana zuba sabuwa. Mutanen Bagega sun jira har 2013 kafin kuɗin wannan aiki su fito. Ba a gama jimami ba, a 2015 abin ya sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Dalmar da ke cikin dutsen Bagega ita ce dai a cikin batirina, kuma fiye da rabin nauyinsa ita ce. Bambancin kawai, waccan sai an shiga rami an haƙo ta, wannan kuwa da kuɗinmu muke saye mu shigo da ita ɗaki. Duk gidan da ya ɗan samu sarari yau ya kafa sola, haka masallatai da shagunan cajin waya da asibitocin karkara. Batiran nan ba sa wuce 'yan shekaru. Waɗanda aka saya a guguwar 2023 yanzu suke mutuwa, kuma kusan tare za su mutu, tunda tare aka saye su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba mutuwar farat ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a jinin yaro da za a kira shi marar illa. Kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta taɓa ba ya dawowa. Yaron da ta taɓa haka ba za a kai shi asibiti ba, don ba ya jijjiga. A aji zai zauna karatu ya ƙi shiga, malam ya kira shi daƙiƙi, uba ya tsinko bulala. Wa zai kawo a ransa cewa filin da ake fasa batir a bayan layinsu ne sanadi?

An ga irin haka a wasu wurare. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar da fasa batir ya zama sana'ar gida. A Kenya kuwa, mutanen Owino Uhuru a Mombasa, bisa jagorancin Phyllis Omido, sun kai ƙara kan wata masana'antar narka dalma da ta gurɓata musu unguwa. Kotu ta ba su diyyar shilin biliyan 1.3 a 2020, aka ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar musu da ita a Disamban 2024. Inda nake so ka duba, ranka ya daɗe: ba masu masana'antar kaɗai aka ɗora wa biyan ba, har da hukumomin gwamnatin da aka ba amanar sa ido suka kau da kai.

Na ji labarin rufe wasu masana'antun narka batir da NESREA ta yi a Ogijo ta Jihar Ogun a 2025. Madalla. Amma Ogijo ƙarshen igiyar ne. Farkonta yana bakin kwatata, a hannun yaro mai silifas.

A nan nake roƙon kada a ɗauki hanya mai sauƙi, wato a saki jami'ai su yi ta kamen 'yan gwangwan. An haramta wa 'yan jari-bola yawo a cikin birnin Abuja, batiran Abuja ba su daina mutuwa ba. Kai da ka daɗe a kujerar Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna ka san Panteka, ka san dubban bakunan da ke ci daga tsohon ƙarfe. Duk faɗin ƙasar nan babu wanda ke bi lungu-lungu yana karɓar mataccen batir sai mutanen nan. In aka kore su, sana'ar ba za ta mutu ba, cikin gidaje za ta koma a rufe ƙofa, inda mata ke girki yara ke wasa. Bagega ke nan aka sake ginawa a tsakiyar birni.

Yaron nan ya zubar da ruwan ne don oga ba ya biyan kuɗin ruwa. Ranar da batir mai ruwansa, ba a fasa ba, ya fi fasasshe tsada a wurin mai saye, ko ɗan sanda ba a gani ba, yaron zai daina zubarwa. Kuɗin cike wannan giɓi ai su ne dokar ta ce masu shigo da batir su ɗauka. Mun taso muna ajiye kuɗin kwalba a kanti in za mu tafi da lemo gida, mu dawo da kwalba mu karɓi abinmu, ba wanda ya taɓa kai mu kotu kafin mu mayar. Me zai hana a yi wa batir haka, dilan da ya sayar da sabo ya zama shi ne mai karɓar tsoho? 'Yan gwangwan kuma suna da ƙungiyoyi da shugabanni a kowace babbar kasuwa. A zauna da su, a yi musu rajista ba tare da an tatse su ba, a ware musu wurin tara kaya nesa da gidaje da rijiyoyi. A faɗi dokar da Hausa a rediyo, da kalmomin da suke amfani da su, ruwan batir da dalma da kilo, ba Turancin taron otal ba. Sannan ku haɗa kai da ma'aikatar lafiya a auna jinin yaran da ke zaune kusa da wuraren fasa batir a Kano da Kaduna da Zariya, a san inda aka kwana tun kafin a fara ƙirga kaburbura.

Nawa batirin dai yana nan inda na ajiye shi, na ɗora masa tsohon buhu don kada yara su taɓa. Uwargida ta fara ƙorafin ya tare mata wurin ajiye gawayi, yaron nan kuma ya dawo sau biyu yana tambaya, har ya ƙara mini kuɗi. Na ce masa ya dakata, na aika wa Minista tambaya. Ranka ya daɗe, ina zan kai shi?

Wassalam.

Naka,
wani magidanci daga Kano.