Kanwa ba ta warkar da gyambon ciki

In ƙwannafi ya kama mutum, sai a ce masa: «Jiƙa kanwa ka sha.» Ya sha, ya ji sanyi. An jima kaɗan, zafin ya komo. Mi ya sa?

Tumbin kare, da na jaki, da na mutum, duk suna zubo wani ruwa mai tsami, asid, mai narkar da abinci. Rago da saniya ma suna da shi, cikin ɗaki na huɗu na cikinsu. Ruwan nan ba haka kawai yake zuba ba. In nama ko wake ya shiga, bangon tumbi yakan saki wani ɗan aike cikin jini, sunansa gastirin. Shi ke umartar tumbi ya ƙara asid. In tsami ya isa, sai a daina aika shi. Irin waɗannan ƴan aike ana ce musu hormon.

Wani ɗan aiken kuma daga hanji yake fitowa. A 1902, a birnin Landan, Bayliss da Starling sun yanke jijiyoyin wani yanki na hanjin kare, suka zuba asid a ciki. Duk da haka fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, ta zubo ruwanta. Ashe ta jini saƙon ya bi! Suka raɗa wa ɗan aiken suna sikiritin. Ruwan da yake sa a zubo kuwa dangin kanwa ne, shi ke kashe tsami cikin hanji. Wato jiki na da tasa kanwar, kuma da awo yake ba da ita.

Mai shan kanwa ba shi da wannan awo. Ya kashe tsamin gaba ɗaya, tumbi ya ga kamar asid ya ƙare, ya sake aika gastirin. Ga zafi ya dawo.

Wasu za su ce tun kakanni ake shan ta. Gaskiya ne, tana kwantar da zafi na ɗan lokaci. Amma wanda cikinsa ke ciwo kullum bai kamata ya dogara da ita ba. A 1982 likitoci biyu na Ostareliya, Marshall da Warren, sun gano wata ƙwayar cuta da ke haddasa yawancin gyambon ciki. Kanwa ba ta kashe ta. A likita ake samun maganinta, ana shan sa kwana 10 zuwa 14.