Filin Likita: Ɗige-ɗige a Ƙafa Bayan Shan Magani

Wani mai karatu ya aiko mana da takarda, ya ce ƙanensa ya yi zazzaɓi, aka sayo masa ƙwayoyi a kemis, ya sha kwana biyar ya sami sauƙi. Bayan kamar mako guda sai ga waɗansu ɗige-ɗige masu duhu sun feso masa tun daga idon sawu har gwiwa, in an shafa ana jin tudunsu. Tsofaffin gida suka ce borin jini ne, waɗansu suka ce ƙyanda ce ta makara. Yana tambaya, ko ya sake sayo ƙwayoyin nan, tun da yake su suka yi aiki da fari?

Malam, kada ka sake sayowa. Ba mu ga yaron ba, ba a kuwa duba majinyaci ta takarda, amma abin da ka kwatanta ya yi kama da wata cuta wadda magani da kansa yakan tayar, watau kumburin jijiyoyin jini. Bari mu yi bayani, gama amsar nan ba taka kaɗai ba ce.

Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam dogarai a cikin jini, su ne fararen ƙwayoyin jini, aikinsu kama baƙon da ya shigo da ɓarna. To, wani lokaci magani yakan shiga jini ya manne da wani sinadari na jiki, sai dogaran nan su ɗauke shi abokin gaba. Jiki ya ƙera makamai dominsa, makaman su sarƙe da shi, su je su maƙale a bangon 'yan ƙananan jijiyoyi. Nan dogarai za su taru a yi ta ɗauki ba daɗi, har bangon ya kumbura ya tsage, jini ya tsattsafo ƙarƙashin fata. Shi ne ɗige-ɗigen nan. Sun fi fitowa a ƙafa domin can jini ya fi taruwa in mutum na tsaye. Ƙera makaman kuwa yakan ci kwana 7 zuwa 10, shi ya sa mutum ya gama shan magani, ya manta da shi, sa'an nan abin ya bayyana, ba mai tuhumar ƙwayar.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A shekarar 1942 wani likita a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Arnold Rich, ya ba da labarin mutum bakwai da jijiyoyinsu suka kumbura bayan an yi musu allurar ruwan jini ko an ba su maganin salfa. Dangin salfa ɗin nan su ne M da B, wanda ya fito a Ingila a 1938, ya ceci rayuka masu yawa daga sanƙarau. Septrin da kowa ya sani yau daga gidan yake. Penisilin da danginsa su ma sukan yi haka, da allopurinol na ciwon gaɓɓai. Ba cewa muke yi magungunan nan miyagu ba ne. Dubban mutane na sha lafiya lau, ɗai-ɗai ne abin ke faɗa wa.

Irin na fata da sauƙi, galibi in an bar maganin yakan baje cikin 'yan makonni. Akwai wani iri da ya fi shi mugunta, mai zuwa a ɓoye bayan mutum ya yi watanni ko shekaru yana shan magani guda. Waɗanda aka fi sani da shi su ne hydralazine na hawan jini, da propylthiouracil da akan ba mai maƙoƙon da ke sa rama da bugun zuciya, da minocycline na ƙurajen fuska. A nan jiki dogaransa na kansa yake ƙera wa makamai, su harzuƙa su afka wa jijiyoyin ƙoda da na huhu. Likitocin Ostiraliya suka fara bayyana irin makaman nan a 1982, yanzu kuwa akwai gwajin jini da ke nuna su. Abin da ya sa muke tsoronsa a ƙasarmu shi ne, mutum ya ga jini a fitsari sai ya ce tsargiya ce, ya yi tari da jini a ce tarin fuka, alhali ƙoda na lalacewa. Wannan iri barin magani kaɗai ba lalle ya isa ba, sai likita ya haɗa da prednisolone ko abin da ya fi shi ƙarfi. Amma mai hawan jini kada ya karanta wannan ya yar da ƙwayarsa da kansa, ya guje wa ruwa ya faɗa rijiya. Ya je likita ya sauya masa wata.

Yanzu ga abin da za ka yi. Ka sami kofin gilashi ka danna a kan ɗige-ɗigen. Borin jini yakan dushe in an danna, wannan kuwa ba ya gushewa. Ka kai yaron asibiti, ko ya ce ba abin da ke damunsa, a auna fitsarinsa, domin jinin da ido bai gani ba awo yakan gani. In kuwa da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya, kada ku kwana a gida, gama sanƙarau ma yakan fitar da irin ɗigon nan.

Sai abu ɗaya da ya dame mu cikin takardarka: ba ka faɗi sunan ƙwayoyin ba. Mun tabbata ba ɓoyewa ka yi ba, kai ma ba ka sani ba ne. Al'adar nan ta haɗi, a zuba wa mutum ja da fari da rawaya a ƙulle cikin leda ba suna, ita ke ɗaure wa likita hannu. Yaya zai hana majinyaci abin da ba a san ko mene ne ba? Gobe yaron ya sake zazzaɓi a wani gari, a sake ba shi ƙwayar nan, na biyun kuwa yakan fi na farko sauri. Saboda haka ka koma wurin mai kemis tun bai manta ba, cikin lalama ba da faɗa ba, ya rubuta maka sunan kowace ƙwaya. Ka tafi da takardar asibiti, in likita ya nuna wadda ya tuhuma, a rubuta sunanta a ajiye, yaron ya riƙa nuna wa duk wanda zai ba shi magani.

Muna jiran takardarka ta biyu, mu ji abin da awon fitsari ya nuna. Allah ya ba shi lafiya, amin.